Kaset ɗin da bai shiga ruwa ba

Ƙungiyar su Yaya rani ɗaya ta yi. Su huɗu ne, duk 'ya'yan gidajen da ruwan Tiga ya tasa. Suna da fiyano mai aiki da batirin mota, da jita, sai goran masunta da Yaya ke bugawa a madadin ganga. Kiɗan ba na biki ba ne, ba na fim ba. A kasuwar Kiru mutane kan tsaya su ce, "Wannan kuma na wace ƙasa ne?"

Kaset ɗaya suka ɗauka a Kano, aka buga shi da yawa ya shiga gidaje. Da damina ta faɗi, mai fiyano ya tafi haƙar kuza Riruwai, mawaƙinsu kuma kwalekwale ya kife da shi.

Bayan sadakar uku Yaya ya bi gida-gida yana karɓe kaset ɗin. Wani malami ne ya gaya masa duk lokacin da aka kunna waƙar, mamacin ake ƙara wa nauyi a kabari. Ya tara su a buhu, ya sa dutse, ya jefa a dam.

"Malam ƙarami, ina naka?" Haka Yaya yake kirana saboda son karatu.

Na miƙa masa ɗaya. Biyu gare ni. Ɗayan ya yi shekara da shekaru a ƙasan akwatina, ban kunna ba, ban kuma iya yarwa ba.

Bara mahaifiyar mawaƙin ta aika na je. Idonta ya riga ya tafi.

"Ɗan nan, an ce kai ko tsinke ba ka yarwa," in ji ta. "Muryarsa nake nema. Ta fara ɓace mini."

Na aro rikoda na kai mata. Ta saurara har waƙar farko ta ƙare, sannan ta ce, "Da mura ya tafi Kano ranar. Ka ji hancin?" Ta yi dariya. "Maido baya."

Ina cikin maidowa na hangi Yaya a bakin zaure, komar kamun kifi a kafaɗarsa. Ya tsaya har kiɗan goransa ya shigo, sannan ya juya.

Muna gaisawa har yanzu, amma da sunana yake kirana. Ita kuwa duk Juma'a tana jirana. Ina zuwa, in kunna mata, in fito ina nema wa ɗanta gafara har gida.