Baƙar Motar Bawa Mai Albasa

A gidanmu na Wurno, bayan rumbunan gero, akwai gawar wata babbar mota. Tun da na buɗe ido na tarar da ita nan, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta bisa duwatsu, katakon bayanta ya ruɓe da ruwan damina. Kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Mu yara an hana mu hawa, ba a kuma faɗa mana dalili ba. Abin da na lura da shi kawai, mahaifina Sanda in zai zaga bayan gida, gara ya fita ta zaure ya kewayo ta lungu da ya gifta kusa da ita.

Zamanin Turawa ne, suna gab da tafiya. Lokacin ɗari, da an ci tuwon magariba, kakarmu Inna Kulu, mahaifiyar babana, takan jawo karan dawa ta hura wuta a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura ƙafa wajen garwashi. Takan binne dankali cikin toka, mu yi ta haɗiyar miyau muna sauraron yadda zomo ya yaudari kura. Tsohuwa ce siririya mai dariya, in tana kwaikwayon muryar kura har maƙwabta ke leƙowa ta katanga.

Amma akwai labari ɗaya da ba ta ba mu sai babana ya tafi fadamar Goronyo aikin albasa, ya kwana can. Ranar da ta fara ba mu shi, ba ta buɗe da abin da aka saba buɗe tatsuniya da shi ba. Ta dubi wuta ta ce, "Wanga ba gatana na ba, labari na. Wanda duk bai iya riƙe baki nai, shi tashi shi tai shi kwanta." Ba wanda ya motsa.

Daga nesa ta ɗauko shi, daga wani mutum da take kira Maƙerin Ƙetare. Ta ce ɗan manomi ne a can ƙasar Amurka, wanda ya tsani noma tun yana ƙarami. Shi dai a ba shi agogo ya warware hanjinsa ya mayar. Da ya girma sai ya shige wani ɗan ɗaki a bayan gidansa yana ƙere-ƙere, har ya haɗa keken da ke tafiya ba doki. Da ya zo fitar da shi, ashe ƙofar ta yi masa kaɗan, sai da ya fasa bango.

"Kun ji hwa," in ji Inna. "Abin da sai da anka hwasa bango kahin shi hita, ai kun san ba mazaunin gida na ba."

Ta ce daga nan ya gina maƙerar da ta fi garin Wurno girma. A cikinta ba mutum ke zuwa wurin aiki ba, aiki ke zuwa wurin mutum. Motocin na tafe a jere bisa wani abu mai ja, kowane ma'aikaci na tsaye wuri guda, ƙusa ɗaya ce aikinsa daga safe har yamma. Ana biyansu da kyau, amma abin nan mai ja ba ya tsayawa don wani ya gaji. Duk motocin baƙaƙe ya yi su, ya kuma karya kuɗinsu har talakan ƙasarsu ya iya saye. Ya yi dukiyar da ba a taɓa ji ba, yana da ɗa namiji guda, ɗan kuwa ya riga shi mutuwa. Inna ta ji wannan daga mijinta, shi kuma daga wani makaniki Bayarabe a Gusau.

Mijin nata shi ne kakana Bawa, wanda ban tarar da shi da rai ba. Fataucin albasa yake yi da jakuna, daga Wurno da Goronyo zuwa Sakkwato, wani lokaci har Gusau. A Gusau ya ga motar, tsohuwa ce wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya gaji da ita, ƙirar kamfanin Maƙerin nan. Ya dawo gida ba ya barci. Ya sayar da jakunansa, ya je rugar amininsa Bafulatani ya karɓo shanun da ya ba shi kiwo ya kai kasuwa. Bafulatanin ya ce masa, "Bawa, ka sai da abin da ka haihuwa, ka sawo abin da ka tsufa." Bawa ya yi dariya.

Ranar da aka kawo ta, garin ya fito. Ba ta shiga ta ko'ina sai da aka rushe gefen katangar gidanmu. Ana tada ta ne da sandar ƙarfe, a zura a gaba a murɗa har inji ya kama. Bawa bai taɓa iya tuƙi ba, sai ya tura ɗansa Sanda Gusau ya koyo. Sanda saurayi ne lokacin, mai waƙa da barkwanci, in ji Inna. Mu da muka san shi mutum ne da yakan wuni bai yi magana goma ba, sai muka dubi juna.

Shekarun farko alheri ne. Tafiyar da jaki ke kwana da kwanaki, mota ta yi ta tsakanin hantsi da la'asar. Albasa ta daina ruɓewa a hanya. Mutanen Lahodu da Rimawa da Maikujera kan hau bisa buhuna ranar kasuwa, wanda ya iso garinsu sai ya buga rufin da ke kan direba da tafin hannu, Sanda ya taka birki. Haka al'adar take. Ko mai naƙuda ce aka ɗauko, ko tsoho ne zai sauka ya kama ruwa, bugu ɗaya ya isa.

Sai yaƙin Turawa na biyu ya zo. Taya ta yi wuya, fetur sai da takardar izini, aka ce kamfanin ma ya koma ƙera kayan yaƙi. Sannan aka shiga abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Turawa na son kuza, sai aka ɗora wa ƙasar kowane hakimi adadin mazajen da za ta bayar a kai su ramukan Jos su yi haƙa, ko suna so ko ba sa so. Sunan Sanda na ciki.

Bawa ya je gaban uban ƙasa ya faɗi yana roƙo. Aka ce masa akwai hanya ɗaya. Ana neman motar da za ta riƙa kai mutanen Gusau su hau jirgin ƙasa, mota kuwa sai da direba. In ya ba da motarsa, a cire sunan ɗansa.

"Yaz zaka gida yat tambaye ni," in ji Inna. "Nac ce mai, Malam, mi kaka jira? Ba da. Ɗana guda na. Da ad da wani abu wanda yah hi mota, da na ce a ba da shi."

Ɗiban farko daga Lahodu aka yi shi. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai Labbo, abokin Sanda tun na ƙuruciya, wanda suka yi kokawa tare a dandali. Shi ma shi kaɗai ne ga uwarsa, wata bazawara ana ce mata Ige. Da hantsi aka loda su, ɗan doka ɗaya a baya, ɗaya a gaba kusa da Sanda. Ige ba ta wurin. Ta ji an ce ƙasar Jos sanyinta na kashe mutum, sai ta ruga gidan ɗan'uwanta ta aro gwado mai kauri. Kafin ta dawo mota ta tashi.

Sanda ya hango ta a madubi, tana gudu da gwadon a hannu, kallabinta ya faɗi. Sai ya ji bugu a kan rufi. Ya san hannun Labbo ne. Ƙafarsa ta tafi kan birki da kanta, ɗan dokan ya ɗora masa kulki a gwiwa ya ce in ya tsaya rabinsu za su dire su shige dawa, kuma duk gurbin da ya ragu da shi za a cike. Bugun ya ƙaru, sauran ma suka sa hannu, rufin na amsawa kamar ganga. Sanda bai tsaya ba. Ige ta yi ta ƙanƙancewa a madubi har kwana ta ɓoye ta.

Da ya dawo, ya same ta zaune a ƙofar gidanmu, ta tako da ƙafa daga Lahodu. Ba ta zage shi ba. Ta miƙa masa gwadon ta ce, "Ɗana, in ka koma ka kai mai." Ya karɓa. A ɗiba na gaba ya damƙa shi ga wani mutumin Maikujera da za a tura can, ya roƙe shi ya nemi Labbo. Ko ya isa, ko bai isa ba, Allah kaɗai ya sani. Sanda ya ci gaba da jigila, daga Raba, daga Rimawa, daga ƙauyukan da bai san sunansu ba. Da wa'adi ya cika wasu suka dawo a rame suna tari. Su suka ce an binne Labbo a can, ciwon haƙarƙari ya kama shi tun sanyin farko.

A nan Inna takan gyara wuta, ko da wutar ba ta bukatar gyara.

Yaƙi ya ƙare, aka sakar wa Bawa motarsa, suka koma dakon albasa. A tafiyar farko, da rana tsaka, Sanda ya ji an buga rufi. Ya tsaya ya zagaya baya, buhuna ne kawai. Ya hau ya ci gaba, aka sake bugawa. Tun daga ranar ba ya kaiwa Sakkwato sai ya tsaya sau da yawa, ya sauka, ya leƙa, ya dawo yana gumi. Aka yi masa rubutu ya sha, aka turara motar, aka yi sadaka. Makaniki ya duba rufin ya ɗaure duk abin da ke motsi. Bawa ya ce shi zai zauna a gaba ya ji da kunnensa. Suka je suka dawo. Inna ta tambaye shi ko ya ji wani abu, sai ya tashi ya bar tuwon da ta ajiye masa bai taɓa ba.

Ƙarshenta wata rana tsakanin Rimawa da Goronyo, Sanda ya taka birki, ya sauka, ya bar inji na kuka, ya kamo hanyar gida a ƙasa. Da shanun noma aka jawo motar. Masu saye sun zo har daga Sakkwato, Bawa ya ce ba zai ɗora wa ɗan wani abin da nasa ya kasa ɗauka ba. Ya koma bin jakunan haya har ya rasu. Sanda ya yi aure, ya kama noman albasa, bai sake riƙe sitiyari ba.

Na tuna ƙanwata ta tambaya, "Inna, aljannu na?"

Inna ta ce, "Mi aljani shika nema ga mota? Ɗiyan mutane na, suna son sauka." Ta tono dankalin daga toka ta rarraba mana. A daren nan ba wanda ya yi faɗa kan babba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na ban tsoro kawai. Da na yi karatu na zama malamin gona, na sami littattafai kan kamfanin nan, na tarar kusan duk abin da Inna ta faɗa haka yake, har fasa bangon. Marubutan na yabon mutumin da cewa ya kusanto da nesa, kuma gaskiyarsu ne, don ni ma motar farko da na saya ƙirarsu ce, ta kuma yi mini aiki ba ƙorafi. Ƙarfe ba ya da laifi. Sai dai a hankali na gane dalilin da ya sa tsohuwar nan mai dariya ta zaɓi ta ba ƙananan yara labari mai nauyi haka. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi daidai ba. So take mu san cewa wannan taron jikokin da ke ɗumi a gabanta, akwai wanda ya hau mota a gurbin ubansu.

Bayan rasuwar babana, aiki ya kai ni Lahodu duba gonakin gero. Da na gama sai na tambayi ko akwai wanda ya san gidan Ige. Aka haɗa ni da wani dattijo da ke noma a bakin gari. Ya nuna mini da bakin hauyarsa inda yake tsaye, ya ce nan ne. Ba katanga, ba ko tushen ɗaki, gero ne ya kai ƙugu. Ya ce ta rasu da daɗewa, ba ta bar kowa ba, gidan ya zube aka mai da shi gona.

Sannan ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wa na?"

Na ce, "Ɗan Sanda direba, na Wurno."

Ya daɗe yana kallona, daga hula har takalmi. Ya ce, "Ashe ya haihu." Ya duƙa ya ci gaba da nomansa.