Ƙasar Kusurwar Gonar Baba

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke kudancin Katsina, ni da baffana, da ƙullin ƙasa a cikin jakata. Ƙasar gonar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Akwai wata kusurwa a gonar da wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye dawa, ba ta taɓa fitowa ba, ko da ta cinye sauran gonar. Baba kan ce ƙasar wurin tana da rai. Kafin ya kwanta ciwo ya ji a rediyo cewa wasu masu bincike a Kaduna sun sami tallafi suna neman irin wannan ƙasa, ya ce zai kai musu bayan girbi. Bai ga girbin ba. Da aka raba gado aka sayar da gonar ga mai buga bulo, sai na ce bari in kai kafin a fara haƙa.

Kuɗin mota ya ninka abin da na sani. Daga Funtuwa zuwa Zariya mun sha ramuka da shingayen bincike. A wani shingen jami'i ya matsa ƙullin ya tambayi mene ne. Baffa ya ce, "Ƙasa ce, ranka ya daɗe." Jami'in ya ce mutanen Kaduna ba su rasa ƙasa ba. Fasinjoji suka yi dariya, ni ma na murmusa.

Mun sauka tashar Kawo da hantsi. Masu kiran lodi suna ta ihu, masu Keke suna jan hannun riga, ma'aikata suna rububin motar shiga gari. Mun ci masa da miyar taushe a wajen wata 'yar Zamfara. Masar ta ƙanƙance har Baffa ya tambayi matar ko masar tata azumi take yi. Daga nan muka ajiye kaya gidan wani ɗan garinmu direba a Hayin Banki, shi ya kwatanta mana wurin masu binciken a Kurmin Mashi.

Ginin shiru, kamar makaranta a lokacin hutu. Wata malama mai farar riga ta karɓe mu, ta yi mana ta'aziyya da ta ji abin da ya kawo mu. Ta zaga da mu wani ɗakin gilashi mai layin tukwane, duk shukar ta bushe. A sama akwai na'urar da ta ce tana ɗaukar hoton kowane tsiro kullum, tana auna tsayinsa da launin ganyensa. An lulluɓe ta da leda. Ta ce wa'adin tallafin ya ƙare, sun nemi sabo ba a amsa ba, abokan aikinta da yawa sun watse. Firji ɗaya kawai suke iya riƙewa da janareta, da kuɗin aljihunsu.

Na kwance ƙullin a kan tebur. Ƙasar ta fito luƙui, ba tsakuwa ba saiwa. Mahaifiyata ce ta shirya ta. Ta ce ba a kai wa masu ilimi datti, don haka ta tsince ta, ta tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo, ta shanya ta a kan kwanon rufi, sannan ta ɗan gasa ta a kasko don kada ta yi fumfuna a hanya.

Malamar ta murza ta a yatsu, ta dube ni.

"Malam, wa ya gasa ta?"

Na gaya mata. Ta ce, "Allah sarki. Mahaifinku ya yi gaskiya, rai ne a ciki, ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu zama jikin saiwa. Su muke nema. Wuta ta kashe su."

Baffa ya ce, "To Hajiya, a yayyafa mata ruwa mana."

"Baba, ba sa dawowa."

Ta ce in muka kawo ɗanya, da saiwarta da danshinta, za ta sa a firji har Allah ya kawo tallafi, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ba mu kwana ba. Muka koma Kawo muka shiga motar farko, Baffa bai ƙara yin barkwanci ba har Zariya.

Da la'asar muka isa, muka wuce gona kai tsaye. Tifar mai bulo ta riga mu. Daga kusurwar aka fara, don nan ne kusa da hanya. Rami ne ya rage, jajir, ya kai ƙugu. Na juye ƙullin a ciki, ban san me ya sa ba.

A gida Inna ta tare ni a zaure, tana cikin takaba. "Sun ce ta yi tsabta?"

Na ce, "Sun ce ta yi, Inna."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, abu mai rai ba ya jira, ko ƙasa ce ko mutum. Shekaru muna jin Baba yana maganar kusurwar nan, ba wanda ya ɗauki fartanya ya bi shi ya tambaya.