Jarkar Gwaggo Bintu

Maimuna Idris tana da shekara arba'in da huɗu, ma'aikaciya ce a wani ɗakin bincike a Zinder. Aikinta kula da fararen ɓeraye. Tana busar da ganyen zogale a inuwa, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace ruwansa, ta ɗura wa wasu daga cikinsu. Bayan kwanaki a yi wa duka allurar wani magani mai ƙarfi da ke illata ƙoda, sannan a ɗebi jininsu. Waɗanda suka sha zogalen, ɓarnar tasu ba ta kai ta sauran ba.

A Gidimuni, inda mahaifinta yake noman lambu a bakin tafki, an daɗe ana yi mata dariya, wai an kai ta lekol karatun boko ta ƙare a kiwon ɓera. Da labarin gwajin ya isa ƙauye, dariya ta koma alfahari: ƴar Malam Idris ta gano maganin ƙoda.

Da daminar bara amai da gudawa suka kwantar da tsohon, fitsari ya ɗauke masa. Aka kawo shi asibiti a Zinder. Likita ya ce ƙodar ta tsaya, kada a ba shi ruwa ko jiƙo sai wanda aka auna, don abin da ya shiga ba ya fita.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo Bintu, yayar mahaifin, da jarka cike da tafasasshen zogale. A gidansu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a mayar wa babba da maganin da ya kawo. Ko da kurɓa ɗaya ne, a sha a gabansa.

Maimuna ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta miƙe ta tare ƙofa.

"Gwaggo, ba zai sha ba."

"Ke, Munari! Ba maganinki ba ne? Ko ɓera ya fi ubanki daraja?"

"Ɓeran da lafiyarsa na ba shi, kafin ciwo ya zo. Baba ciwon ya riga ya kama shi. Kuma ban taɓa gwadawa a kan mutum ba. Ba zan fara da shi ba."

"Ni na goya shi, tun ba a san za a haife ki ba."

"Na sani, Gwaggo."

"To kauce."

Ba ta kauce ba. Ƴan dubiya suka taru, wani ya ce a bar tsohuwa ta ba shi rabin kofi a wuce wurin. Maimuna ta karɓi jarkar da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar kyauta, ta fita da ita ta tuttule a gindin wani itacen bedi. Gwaggo ta ce in ƙaninta ya mutu, kada ta ga ƙafar Maimuna a zaman makoki.

Bai mutu ba. An sa shi a na'urar wankin jini, fitsari ya dawo a hankali, aka sallame shi. Gwaggo ta ce da ya sha nata, da tuni ya tashi.

Ranar Lahadin da ta wuce Maimuna ta je Gidimuni ɗauko shi gwajin jini. Gwaggo tana tsakar gida, ba ta amsa gaisuwarta ba. Maimuna ta sake gaishe ta da ƙarfi, ta riƙo hannun mahaifinta suka nufi tasha.