Dodo Mai Shuɗin Hannu

Shekarar da nake koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Gwale, na fara ɗaukar kaina marubuci. Kowace Alhamis sai in zo musu da labarin da na ƙaga, tsoro kaɗan, dariya da yawa. Wanda ya fi karɓuwa shi ne na wani dodo da ke kwana a ramin rini. Hannuwansa shuɗaye ne, duk abin da ya taɓa sai ya rine. Ya shafa akuyar mai unguwa, aka kwana uku ana cigiyarta alhali tana tsaye a ƙofar gida. Ba abin da yake tsoro sai sabulu. Yara suka yi ta dariya har da faɗowa daga benci, ni kuwa kaina ya kumbura.

Wata yarinya a layin gaba ba ta ko murmusa ba. Na gan ta sarai, amma na ce a raina kowane aji ba ya rasa mai nauyin kai.

Bayan mako guda aka ce ina da baƙo. Na fito rungume da littattafai, na tarar da wani dattijo a gindin darbejiya, hannuwansa cikin aljihu. Da muka gaisa ya ce shi ne mahaifin yarinyar, kuma rini ne sana'arsa, gadonta ya yi. Ba ƙara ya kawo ba. 'Yan ajin ne suka ga shuɗin hannuwansa ranar da ya rako ta, suka watse da gudu suna ihun a kawo sabulu. Tun daga ranar, in za su tsallaka titi, ba ta yarda ya riƙe mata hannu.

"Ga titin nan da 'yan adaidaita, Malam," in ji shi. "Ko gefen rigata ne, ka ce mata ta riƙa kamawa. Maganarka take ji."

Kunya ta rufe ni. Na shiga kame-kame, wai wasa ne, wai ai dodon mutumin kirki ne a ƙarshen labarin. Ƙarya nake yi, ban rubuta haka ba. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini godiya, godiyar da har yau in na tuna ta nakan runtse ido.

Da zai tafi na ajiye littattafan, na miƙa masa hannu. Sai ya naɗe yatsunsa ya miƙo mini wuyan hannu, yadda mai datti a hannu yake yi. Hannun kuwa a wanke yake tas.