Haƙoran Malam Daudu

Malam Daudu makiyayi ne a wata ruga kusa da Roni. Tun yana saurayi saniya ta kai masa ƙaho ta zubar masa da haƙoran gaba biyu, kuma shekara talatin giɓin bai hana shi dariya ba. Idan shanu suka yi ɓarna a gona, shi ake kira ya sasanta, don ya iya sa mai fushi murmushi.

Wanda giɓin ya dama shi ne ɗansa Sabiru, ma'aikacin gwamnati a Kazaure. Ranar sunan 'yar Sabiru abokan aikinsa suka ɗauki hoto da tsohon, ya gani ya ji kunya. Bai huta ba sai da ya kai shi Kano aka yi masa dashen haƙori, aka kafa ƙusoshi biyu a cikin ƙashi aka ɗora haƙora a kai. Likitar da ta yi aikin ta ja kunnen Sabiru cewa duk shekara ya dawo da shi a ɗauki hoton ƙashin, domin ciwon daga ciki yake farawa.

Shekarar farko aiki ya yi wa Sabiru yawa, bai mayar da shi ba. Ta biyu ya ce ai haƙoran suna nan farare tas. Sau ɗaya Daudu ya ce masa a waya dasashinsa na zubar da jini, Sabiru ya aika da maganin kurkure baki ta hannun wani direba. Tsohon bai sake tayar da maganar ba.

A shekara ta huɗu mahaifiyar Sabiru, Fatu, ta gaya masa wata uku ke nan mahaifinsa fura kawai yake iya sha. Sai ya ɗauki tsohon ya mayar da shi Kano wurin likitar.

Da hoton ya fito, likitar ta nuna wa Sabiru baƙi kewaye da ƙusoshin, ƙashin ya cinye, dole a cire su. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai tambayi hotunan shekarun baya, ya sunkuyar da kai ya ce babu.

A mota ya ce, "Baffa, me ya sa ba ku sake gaya mini ba?"

"Na ga kana farin ciki da su."

Sabiru ya roƙi gafara, Daudu ya ce komai ya wuce. Bakin ya warke bayan watanni, amma leɓen sama ya lotsa, magana ba ta fita kamar da, sai ya bar wa ƙanensa sasancin. Yanzu Sabiru ba ya bari ranar asibiti ta wuce. Tun da safe yake isa rugar, ya tarar tsohon ya shirya yana jiransa.