Kowa da Bakinsa, In Ji Goggon Dandali

Kafin masu shagunan saman bene su ɗaga ƙofofinsu, ita ta riga ta zauna. Shagon nata a ƙarƙashin matakala yake, inda dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Ga fanka mai ƙugi kamar mai ciwon haƙori, ga tire cike da ƙananan kusoshi, ga ƙarfen narka dalma a jingine. Takan ture wayoyin da aka kawo gyara gefe guda, ta goge tabarau, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta wadda igiyar caji ce kawai ke riƙe da ranta, ta fara shara. Sharar dandali take yi: ta kwashe tallan masu maganin rage ƙiba, ta raba mutum biyu da ke zagin iyayen juna a kan wane batir ya fi wane, ta nemo tambayar da kowa ya tsallake ta amsa. Daga nan sai ta ɗauki waya ta shiga kiran mutanenta.

Goggon Dandali ke nan. Malamar kwamfuta ce da ta bar aji ta koma gyara, kuma ita ce ta shekara da shekaru tana tsara aikin tafiyar nan ta masu cewa a bar mutum da kayansa. Ra'ayinsu ba shi da wuyar faɗi: abin da ka saya naka ne, ka buɗe shi in ka ga dama, bakinka naka ne, hannun hukuma kuma ya rage tsawo. Wuyar tana wajen isar da shi, domin filin dagarsu shi ne dandalin intanet inda injiniyoyi da masu gyara da masu rubuta manhaja ke taruwa, mutanen da ke jin warin wa'azi tun daga nesa su toshe hanci. Goggo ce ke cewa wane ya shiga wancan zauren, wance ta amsa wannan tambayar, wane kuma ya yi shiru yau don ransa a ɓace yake. Ba albashi, ba hoto a jarida. Maigidanta, tsohon direba mai son tsokana, yakan ce shi ya yi aure amma dandali ne ya samu uwa.

Ƙa'idarta biyu ce. Ba ka buɗe baki ka yi maganar 'yanci a zaure sai ka taimaki wani a cikinsa ya gyara abin da ya lalace masa. Kuma in za ka yi magana, da asusunka ɗaya za ka yi, da kalmominka, komai gurguntarsu.

Ku tambayi Baba Mai Rediyo, maƙwabcin shagonta, wanda ya fi kowa tsufa a tafiyar, kuma yatsansa ɗaya tak ke taɓa madannai. Ya sha roƙonta.

"'Yar nan, ki rubuta min mana da manyan kalmomin nan naku, ni in sa hannu."

"Baba, in na rubuta maka, bakina ne zai fita sanye da hularka. Me ya faru ranar da suka hana ka buɗe rediyon?"

"Ai na gaya miki sau nawa."

"To gaya wa su. Ni na haddace."

Haka zai zauna a bencin ƙofar shagon yana cakar harafi ɗaya ɗaya yana mita, ita tana liƙa waya da dalma tana dariya. Ku kuma tambayi wani mutum mai goyon bayan a hana gyara sai da lasisi, wanda ya addabi zaurensu da gardama. 'Yan tafiyar sun yi ca a kan a toshe shi. Goggo ta ƙi. Ta ce mu da ke kukan ana toshe mana baki, yau mun samu makulli sai mu fara da na wani? Ashe wanzami ne ba ya son jarfa.

Goggo, ke ce kika san cewa 'yancin da bai kai ga abokin gardamarki ba, son kai ne aka sa wa riga.

Sai ga ranar gwaji ta zo. Hukuma ta fito da daftarin doka cewa ba mai buɗe waya ko kwamfuta ko wani inji mai ƙwaƙwalwa don gyara sai mai lasisin kamfanin da ya ƙera shi. Babban dandalin fasaha, wanda Goggo ta yi shekaru tana nema wa tafiyar mutunci a cikinsa, ya buɗe zaure na musamman, ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa za a miƙa wa kwamitin dokar. In an ji muryarsu a nan, an ji ta inda ake yanke hukunci. In an kore su daga nan, babu wata ƙofar.

Aka kira taro a bayan shagon kakakin tafiyar, wani mai sayar da kayan waya da ake wa laƙabi da Mai Lasifika. Mutum ne mai daɗin murya da ke yawan tunatar da kowa cewa tafiyar ba ta da shugaba, yana faɗa yana zaune a kujera ɗaya tilo mai hannu, saura suna kan kwalaye. Ya kawo dabararsa: kowa ya buɗe asusu barkatai da sunaye daban-daban, shi zai rubuta saƙo guda mai zafi, a watsa shi lokaci ɗaya har zauren ya cika ya tumbatsa.

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, Goggo," in ji shi.

"Yawan su wa, ɗana? Kai ne sau hamsin, ko mutum hamsin?"

"Yaƙi ake yi. Su kamfanonin zaune suke?"

"To mu zama su ke nan don mu kayar da su? Muna cewa kowa ya mallaki bakinsa, kai kuma kana raba mana baki ɗaya kamar rigar makaranta."

Wani daga baya ya ce, "Goggo an tsufa, sai a hankali." Aka yi dariya. Dariyar nan ita ce ƙuri'ar.

A tsaya a nan a dubi karin maganar da ya jefa mata, domin tun muna yara ake cusa mana ita ba a bari mu ɗanɗana. Wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙwarai, in yawan na mutane ne masu kai a wuya. Amma wanda ya tsaya tsakanin madubai biyu shi ma yana ganin taro, kuma ko ɗaya a cikinsu ba zai kama masa kaya ba. An ce tsintsiya sai a ɗaure take shara. Ba wanda ya taɓa tambayar hannun wa ke riƙe da ɗaurin.

Washegari Goggo ta buɗe kwamfuta ta tarar an cire ta daga masu kula da guruf ɗin hirar 'yan tafiyar, guruf ɗin da ita ta kafa tun suna iya cika benci ɗaya. Ba kira, ba sallama. Mutanen da ke rubuta dogayen sharhi a kan zaluncin kama-karya sun yi juyin mulki kafin su karya kumallo! Maigidanta ya leƙo ya ga fuskarta.

"Alhamdulillahi, an sako min matata. Yau za a tambaye ni yadda na kwana?"

"Ka kwana lafiya, na ji minsharinka. Miƙo min wayar can."

Ba ta yi yaji ba, ba ta fita ta tona musu asiri ba. Ta ci gaba da abin da ta saba, a matsayin 'yar tafiya kamar kowa. Ta kira manomin da injin ban ruwansa ya mutu ana tsakiyar rani, kamfani ya kulle ƙwaƙwalwar injin, mai gyaran garinsu yana kallo ba halin taɓawa. Ta kira matar da ke ɗinki da keke mai kwamfuta. Ta zaunar da Baba Mai Rediyo a benci. Kowa tambaya ɗaya take masa: me ya same ka? Rubuta shi.

Ranar da aka sa, rundunar Mai Lasifika ta afka wa zauren. Saƙonni suka yi ta zubowa kamar an fasa bututu, wannan wai likita, wannan wai ɗalibi, wannan wai tsohuwa mai jikoki. Sai dai mutanen da suka saba kwafa da liƙawa ba sa karanta abin da suka kwafa. Saƙon da aka raba musu yana da layin umarni a samansa, kuma da shi suka kwasa gaba ɗaya. Likita da ɗalibi da tsohuwa mai jikoki duk suka fara da jimla guda: "Jama'a a kwafi wannan a liƙa da kowane asusu, amma a goge wannan layin kada a gane mu." Ita tsohuwar ma har da ƙari a ƙasa: "Na tura, oga, saura asusuna na gaba."

Dandalin ya kwashe da dariya, kuma dariyar masu fasaha ba ta da tausayi. Kafin rana ta yi tsaka masu kula da dandalin sun yanke shawarar share duk wani saƙo mai alaƙa da tafiyar, na gaskiya da na bogi, su kuma rufe mata ƙofa. Aikin shekaru zai tafi a yini guda. Mai Lasifika ya kashe wayarsa.

Babban mai kula da dandalin bai taɓa ganin fuskar Goggo ba, amma ya daɗe yana ganin shararta. Ita ya kira.

"Goggo, mutanenki ne waɗannan?"

Ga dama ta samu ta ce ba ruwanta, ai an kore ta. Da ta faɗi haka da ba ta yi ƙarya ba.

"Ɓarnar daga gidanmu take," in ji ta. "Ba zan ce maka ba haka ba. Amma akwai mutane a cikin tarkacen nan. Kada ka zubar da su tare."

"Ta yaya zan bambance?"

"Ka yi wa kowa tambaya ɗaya a kan abin da ya rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Haka aka yi. Likita bai amsa ba. Tsohuwa mai jikoki ta yi ɓatan dabo. Manomi kuwa da aka tambaye shi wane ɓangare ne ya mutu a injin, sai ya kwararo bayani har da yadda shukarsa ta sunkuyar da kai yana tsaye. Mai ɗinki ta amsa. Baba Mai Rediyo ya amsa da yatsa ɗaya, ya haɗa da faɗan cewa tambayar ta raina masa hankali. Har mutumin nan mai goyon bayan lasisi ya shigo ya rubuta cewa bai yarda da ra'ayinsu ba ko na sisin kwabo, amma waɗannan dai ya san su, mutane ne. Saƙonnin da suka tsira ba su da yawa. Su aka miƙa wa kwamiti, ƙofar dandalin kuma ta zauna a buɗe.

Kada a yi mana ƙarin gishiri: ba wanda ya san ko su ne suka sa aka mayar da daftarin don a sake dubawa, kuma maganar ba ta mutu ba har yau. Abin da aka sani shi ne tafiyar tana da sauran bakin magana a inda ake jin ta, kuma an san wadda ta tsare shi.

An sani? To ga abin da ke ƙona rai. Wayar Mai Lasifika ta farfaɗo, ya fitar da sanarwar nasara. Ya gode wa jajirtattun matasa, ya gode wa kwamiti, ya gode wa kansa a fakaice har sau biyu. Ya kuma yi nuni da wasu tsofaffin hannu da suka ƙi ba da haɗin kai. Iyakar ambaton da Goggo ta samu ke nan. Wanda ya kunna wutar shi ke karɓar gaisuwa, wadda ta ɗebo ruwa ana cewa ta jiƙa wa mutane tabarma. Waɗanda suka yi dariyar nan a bayan shago kuma sun karanta sun danna alamar yabo, ko kunya babu.

Yanzu idanunta sun gaji, 'yarta ta matsa mata, har Goggo ta ce za ta ajiye aikin tsarawa a ƙarshen watan nan. Da labarin ya bazu, aka rasa mai karɓa, domin kowa na son lasifika, ba mai son tsintsiya. Sai ga Mai Lasifika a ƙarƙashin matakala, ya sunkuya dole, ya zaro waya ya fara karanta mata ban haƙuri: duba da yanayin da aka tsinci kai, bisa la'akari da abubuwan da suka wakana...

Goggo ta ɗago tabarau.

"Wa ya rubuta maka?"

"Kwamiti ne, Goggo."

"To ka gaida kwamiti. Je ka dawo da naka."

Baba Mai Rediyo ya matsa gefe a benci ya buga wurin da tafin hannu. "Zo zauna nan, ɗana. Da yatsa ɗaya ma ana yi."

Bai zauna ba. Har yau wurin na nan ba kowa.

Goggo, ke ce kika riƙe ƙofa ga waɗanda suka tura ki waje. Ke ce kika yarda a ga mutanenki 'yan kaɗan da gaskiyarsu, da a gan su dubu da fuskar aro. Uwar zaure, mai shara ba a gani. Mun gode, Allah ya huta da gajiya, ya ƙara wa idanun nan haske, ya bar ki da direbanki ku sha hira.

Ku kuma masu neman 'yanci a intanet, ga aikin nan a ƙasa, wani ya sunkuya ya ɗauka. Ku taimaki mutum kafin ku yi masa wa'azi, ku bar abokin gardama da bakinsa, ku tsaya da suna ɗaya. In kuma zuciyarku ta motsa kuna son yi mata godiya, ku yi. Amma kada wanda ya kwafi wannan rubutun ya tura mata. Za ta gane tun daga layin farko.