Baba Tafinta da Labaran Faransawan da Ya Hana Ni

Ina tankaɗe a gidana na Maikunkele ranar Juma'a da hantsi, mijin ƙanwata Ladi ya yi sallama. Ko zama bai yi ba, ya ce, "Yaya Hauwa, sai haƙuri, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifinmu ya yi wa Faransawa tafinta a Damagaram kafin aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Mutum ne mai tsare salla, ba ya sa loma sai ya tambaya ko maƙwabta sun ɗora tukunya. Daga can ya taho da tsofaffin labaran mutanen nan, gajeru, masu tayar da tsigar jiki. Yakan ce, "Da fari na ban dariya suke rubutawa. Da suka yi ta yanka juna a kan addini sai dariyar ta ƙare, labari ya koma guba da igiyar rataya, a liƙa masa wa'azi a ƙarshe. Daga baya ma a bakin kotu suke tsinto su."

Ni ya ba ni allo, Ladi ya ba ta labaran. Sau ɗaya na zauna yana ba da na wani alƙali da ya rataye baransa a kan laifin ɗansa. Na ce, "Baba, in ƙarya ce, babu zunubi?" Ya yi dariya ya ce, "Malama, je ki wanke allonki. Ladi, matso." Tun daga ranar, in na shigo sai su yi tsit kamar liman ya iso.

Ranar Alhamis, ana gobe zai cika, jiki ya yi tsanani aka aiko in zo in karanta masa Yasin. Na karanta ban yi tuntuɓe ba, ya sa mini albarka. Amma hannun Ladi yake riƙe da shi.

A zaman makoki na ja ta gefe na ce, "Ladi, alƙalin nan, yaya ya ƙare?" Ta goge hawaye ta ce, "Haba Yaya, Baba ya ce kada in ɗora miki abin da zai taɓa miki karatu."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ladi, Allah ya bar mata abin da aka ba ta. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya a kan abin da aka hana ni. Amin.